Fitila ko Taranzisto: Gardamar Sauti da Kunnen Mutanen Adar

Fiye da shekara hamsin ke nan masu sha'awar sauraron kiɗa a gida, a ƙasashen Turai da Amurka da Japan, suna kan gardama ɗaya da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Wasu sun ce babu ampilin da ya kai mai fitila daɗin murya, wasu kuma sun ce mai taranzisto ne kawai ke faɗin gaskiya. Da a ce gardamar ta tsaya a ɗakunan masu hali na Landan da Tokiyo, da ba ta cancanci shafi a nan ba. To amma wayar salula ta kawo ta har rumfunan masu gyaran rediyo na Madawa da Buza da Keita, kuma ta fara shiga bakin waɗanda ake tuntuɓa idan wata ƙungiyar al'adu ta tara kuɗi za ta sayi kayan sauti. Malamin da ke son ɗalibansa su ji waƙar Ɗan Gurmu ko ta Shata a aji, da ƙungiyar da ke riƙe da tsofaffin kasakasai tana tsoron su lalace, duk maganar ta shafe su, ko sun sani ko ba su sani ba.

Ampili, wanda a Najeriya ake ce wa amfilifaya, aikinsa ɗaya ne. Yana karɓar ɗan siririn motsin lantarki da ya fito daga makirfo ko kaset ko waya, ya ƙara masa ƙarfi har ya iya girgiza takardar lasifika. Hanyar farko da aka samu ta yin haka ita ce fitila: ƙwan gilashi da aka zuƙe iskar cikinsa, da zaren ƙarfe da ake zafafawa har ya riƙa sakin ƙwayoyin lantarki. John Ambrose Fleming ya ƙera irinta ta farko a Ingila a 1904, sannan a 1906 Lee de Forest na Amurka ya saka wata ƴar raga a tsakiya, wadda ƙaramin motsi a jikinta ke sarrafa babban kwararar wuta. A kan wannan ƙwan aka gina rediyo da silima mai magana da faifan garmaho na zamani. A watan Disamba na 1947 kuma masu bincike uku na ɗakin gwajin Bell, wato Bardeen da Brattain da Shockley, suka fito da taranzisto, ɗan ƙanƙanin abu da ke yin aikin nan ba gilashi, ba zafafawa. Rediyon aljihu na farko mai amfani da shi ya shiga kasuwa a 1954. Kafin ƙarshen shekarun 1960 fitila ta kusa ɓacewa daga shaguna, sai dai ba ta mutu ba. Kamfanin McIntosh, alal misali, ya fitar da ampilinsa MC275 a 1961, ya daina ƙera shi, sannan ya dawo da shi saboda masu nema, kuma farashinsa ya haura dala 5,000, wato sama da miliyan biyu da rabi na sefa.

Masoya fitila suna da kalmominsu. Sukan ce muryarta tana da ɗumi, tana da jiki, tana da zaƙi. Ta taranzisto kuwa busasshiya ce, mai sanyi, mai kaifi kamar aska. Waɗannan kalmomi na yabo da zambo ne, irin na maroƙi, kuma kamar kirarin maroƙi, akwai gaskiya a ƙarƙashinsu idan aka tona.

Duk sautin da kayan kiɗa ya fitar yana da uwa da ƴaƴa. Idan tsirkiyar goge ta kaɗa sau 220 a daƙiƙa ɗaya, wannan ita ce uwar sautin. Amma tare da ita ana jin wasu ƙananan kaɗawa sau 440, sau 660, sau 880, har gaba. Yawan waɗannan ƴaƴa da ƙarfin kowanne shi ke sa kunne ya bambanta goge da sarewa ko da suna kan murya ɗaya. Babu ampilin da ke mayar da abin da aka ba shi daidai wa daida. Kowanne yana ƙara wasu ƴaƴan da babu su a asali. Ampili mai fitila guda a mafita, irin wanda ake ginawa da fitilar 300B da kamfanin Western Electric ya fitar a 1938, ya fi ƙara ɗa na biyu, wato ninki biyu na uwar. Shi kuwa wannan ɗa muryar uwarsa gare shi, sai dai ya fi ta tashi sama, don haka kunne ba ya jin sa a matsayin baƙo, yana jin kamar sautin ya ƙara kauri ne. Ƴaƴa na nesa kuma marasa abokin rabo, kamar na bakwai da na tara, ba sa jituwa da uwar, kuma ko kaɗan ne suka shiga sai a ji ƙaiƙayi a kunne. Ampilin taranzisto da ba a tsara da kyau ba irin waɗannan yake zubarwa. Wani injiniyan ɗaukar sauti mai suna Russell Hamm ya yi bayani a kan wannan bambanci a wata maƙala ta 1973, kuma har yau ita ce makamin da masoya fitila suka fi ɗauka, ko da yake abin da ya auna na'urori ne da aka tura fiye da ƙarfinsu.

A nan ne kuwa babban bambancin yake. Kowane ampili yana da iyakar da ba zai wuce ba. Idan aka murɗa mai fitila har ya kai iyakarsa, yakan lanƙwasa sautin a hankali, kamar jakin da kaya suka yi wa yawa ya rage tafiya. Mai taranzisto kuwa yana tafiya lafiya lau har bakin iyaka, sannan ya sare kan sautin farat ɗaya, sai ƙara ta koma tsatsa. Duk wanda ya taɓa zama kusa da lasifika a wurin biki ko taron siyasa ya san wannan tsatsar, ko bai san sunanta ba. Akwai kuma dalili na uku, wanda ba a cika ambata ba alhali ya fi sauran tasiri. Fitila tana aiki da wuta mai ƙarfin bolt ɗari uku zuwa ɗari biyar, ba ta iya tura lasifika kai tsaye sai ta bi ta taransifoma, kuma riƙon da take yi wa takardar lasifika sako-sako ne. Saboda haka wasu muryoyi sukan ɗan ƙaru, wasu su ragu, gwargwadon halin lasifikar da aka haɗa mata, ƙasan sautin kuma ya ɗan kumbura ya daɗe bai lafa ba. Mai sauraro ya ce ya ji ɗumi. Injiniya ya auna ya ce an sauya ma'aunin muryoyi ne. Dukansu ba su yi ƙarya ba.

Mugun sunan da taranzisto ya yi ba a banza ya same shi ba. Ampilolin farkon shekarun 1960 suna da wata tawaya: ɓangarori biyu ne ke karɓa-karɓa wajen tura sauti, a daidai inda ɗaya ke miƙa wa ɗaya kuwa sai a sami ɗan tsinkewa, wanda ya fi fitowa fili idan an rage murya. Masu ƙira suka riƙa rufe aibin da dabarar nan da Harold Black ya gano tun 1927, ta mayar da kaɗan daga abin da ya fita zuwa mashiga domin na'ura ta gyara kuskurenta da kanta, amma suka yi ta zuba ta ba lissafi. Alƙaluma suka yi kyau a takarda, kunne bai gamsu ba. An daɗe da magance wannan. Ampilin taranzisto mai kyau na yau jirkitarwarsa ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu goma ba, alhali mai fitilar 300B, wanda ƙarfinsa bai wuce wat 8 ba, yakan kai kashi biyu ko uku cikin ɗari idan aka matsa masa.

To shin kunne na jin bambancin idan ido bai ga na'urar ba? An gwada. A 1978 kamfanin Quad na Ingila ya sa aka jera ampilinsa mai fitila da wasu biyu masu taranzisto, aka daidaita ƙarfin muryarsu, aka ɓoye wa ƙwararrun masu sauraro wanda ke aiki. Ba su iya rarrabewa ba. Mujallar Stereo Review ta Amurka ta buga sakamakon wani gwaji irin wannan a 1987, inda aka haɗa mai arha da masu tsadar gaske, amsoshin da aka samu kuwa ba su fi na canki-canki ba. Wanda ya fi ban sha'awa shi ne abin da Bob Carver ya yi a 1985. Ya ce wa editocin mujallar Stereophile su zaɓi duk ampilin da suka fi so, shi kuma zai sa nasa mai taranzisto, mai arha, ya yi murya irin tasa. Suka zaɓi wani mai fitila mai tsada. Cikin ƴan kwanaki ya yi ta sauya ƴan ƙananan kaya a cikin nasa har editocin suka kasa gane wanne ne wanne. Ma'anar wannan ita ce muryar fitila ba aljani ba ce da ke zaune cikin gilashi. Hali ne da ake iya aunawa, a kuma kwaikwaya. Masu sukar irin waɗannan gwaje-gwaje suna cewa sauraron minti biyu cikin ɗar-ɗar ba ɗaya yake da zaman shekara da na'ura ba, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai wanda ya ce bambancin kamar dare da rana ne, bai kamata ya buƙaci shekara kafin ya gan shi ba.

Idan aka dawo gida, tarihi yana da wani abin mamaki da zai faɗa. An buɗe gidan Rediyon Nijar a 1958, wanda daga baya ya zama Muryar Sahel, shekara ɗaya bayan sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a 1957. Rediyo mai fitila yana son wutar gida ko manyan batura masu tsada, don haka a wancan zamani sai a gidan kwamanda ko na wani babban ma'aikaci ko attajiri. A ƙauyukan kwarin Majiya da kan duwatsun Keita, akwatin da ya fara kawo muryar duniya mai taranzisto ne, mai cin pil. Ƙungiyar kulob-kulob ɗin rediyo ta Nijar, wadda aka kafa a 1962, kuma malaman makaranta suka riƙe kaso mai yawa na aikinta, a kan irin wannan akwati ta tara manoma suna saurare suna mayar da martani. Na'urar ɗaukar murya ta Nagra III, wadda Stefan Kudelski ya ƙera a Suwizalan a ƙarshen shekarun 1950, kuma ta zama abokiyar tafiyar ma'aikatan rediyo da masu bincike zuwa karkara, ita ma duk taranzisto ce. Kaset kuwa, wanda Philips ya fitar a 1963, bai taɓa sanin fitila ba a gidan talaka.

Ashe ke nan muryar da dattijon Buza ke kewa idan ya ce kiɗan da ya fi daɗi, ba muryar fitila ba ce. Murya ce ta gajeren zango da matsakaicin zango, waɗanda ke yanke duk abin da ya haura kaɗawa dubu biyar a daƙiƙa, alhali kunnen matashi yana kaiwa dubu ashirin. Murya ce ta ƴar lasifikar takarda cikin akwatin roba, da shuu ɗin kaset, da pil da ya fara sanyi. A kan waɗannan kuma sai a ɗora ƙuruciya da hirar dare. Wanda ya sayo ampilin miliyoyi domin ya dawo da wannan, ya sayo begen wasu mutane ne, na waɗanda kakanninsu suka girma da fitila a falo.

Akwai wani abu kuma da gardamar Turawa ba ta lissafa da shi ba. Dukan ɓangarorin biyu sun yarda cewa sauti mai kyau shi ne mai tsabta, sun saɓa ne kawai a kan yawan zumar da ya halatta a ɗiga masa. Makaɗin Hausa bai taɓa sa hannu a wannan yarjejeniya ba. Mai ɗaurin ganga yakan shimfiɗa igiya a kan fata domin kowane bugu ya zo da ziza. Mai garaya da mai molo sukan ɗaura ƴan ƙarafa a kan sanda su riƙa kacau-kacau tare da tsirkiya. Algaita da kakaki muryarsu ta tsaga ce da gangan, domin fage da fada aka yi su, ba domin ɗaki ba. Gogen ma gashin doki ne ke gogar gashin doki, ƙurjinsa kuwa rabin daɗinsa ne. Waɗannan zizar da ƙurjin suna zaune ne a saman sauti, cikin ƴaƴan nan na nesa. Ampilin da ke tausasa sama ya kumbura ƙasa zai iya yi wa muryar mawaƙiyar Turai kwalliya, amma idan aka ba shi goge sai ya aske masa gemu. Kalangu kuma magana yake yi: makaɗi yana matsa tsirkiyoyin gefe yana saki domin ya bi hawa da saukar harshen Hausa, kuma kirarin yana fita ne idan bugu ya tashi da sauri ya lafa da sauri. Riƙon sako-sako da fitila ke yi wa lasifika ba ya taimakon wannan. Ga kiɗan gargajiya, hukuncin ya fi karkata ga taranzisto mai kyau wanda ba a tura shi bakin iyakarsa ba.

Inda fitila ta ci gari shi ne wurin gita, domin a can ampili ba mai isar da saƙo ba ne, yana cikin masu kiɗan. Tun da Jim Marshall ya fara ƙera nasa a Landan a 1962, mawaƙa irin su Jimi Hendrix suka mayar da lanƙwasar nan ta fitila wata murya ta daban, wadda ake nema da gangan. Jihar Tawa tana da nata rabo a wannan labari. Mdou Moctar, ɗan arewacin jihar, ya ɗauki kundinsa na farko a Sakkwato a 2008, waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya a Sahel, har ɗaya ta shiga wani faifai da kamfanin Sahel Sounds ya fitar a 2011, daga nan ya kama hanyar manyan dandamalin duniya. Salon gitar da ya taso a ciki kuwa a wuraren biki ya girma, da ƙananan ampiloli masu taranzisto, da batirin mota ko injin wuta, ana murɗa su har su yi kuka. Abin da littafin injiniya ya kira aibi, samarin arewa suka mayar da shi salo. Wannan ya isa ya nuna cewa jirkita sauti ba laifi ba ne a hannun mai ƙirƙira. Laifi yake zama idan na'urar saurare ta ɗora nata a kan abin da mai ƙirƙira ya riga ya gama, ta shafa wa Ɗan Maraya da Narambaɗa da waƙar fim ta Kano man shafawa iri ɗaya.

Sai batun ƙasa da yanayi, wanda mujallun waje ba su da dalilin tunawa da shi. Fitila murhu ce ƙarama: tana cin wuta ko ana kiɗa ko ba a yi, tana fitar da zafi a ɗakin da a watan Afrilu da Mayu ya riga ya haura digiri 40. Ƙurar hunturu tana kwanciya a kan kayan da ke ɗauke da ɗaruruwan bolt. Wutar da ke hawa da sauka tana rage mata kwana, kuma ba a manta da 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take bai wa Nijar na tsawon watanni. Manyan fitilun mafita sukan gaji bayan ƴan dubban awoyi, masana'antun da suka rage suna yin su kuwa ƴan kaɗan ne, a Rasha da Silobakiya da Sin da Amurka. A 2022 da yaƙin Yukren ya taɓa fitar da kaya daga Rasha, har mawaƙan Amurka sai da suka shiga neman fitila ido rufe. Mai gyara na kasuwar Madawa zai samo taranzisto daga Ƙonni ko Maraɗi ko Kano cikin kwana biyu. Fitilar KT88 kuwa sai an yi saƙo ƙetare. A ɗaya gefen, sabon nau'in ampilin taranzisto da ke cikin akwatunan da ake caji da hasken rana yana miƙa wa lasifika kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da ya ci, ba ya ko ɗumi.

Duk da haka, kuskure ne a ɗauka cewa tun da taranzisto ya yi rinjaye a nan, to kunne ya tsira. Ɓarnar da ake yi wa sauti a wannan yanki tana faruwa ne kafin ampili da kuma bayansa. Waƙar da aka ɗauka a zaren rediyo, aka juya a kaset, aka sake juyawa sau biyar a rumfar mai kasakasai, sannan wani ya kara waya a bakin lasifika ya ɗauka, aka matse ta domin ta shiga katin memori, aka tura ta WhatsApp ya ƙara matse ta: wannan ko a ampilin sarkin Ingila aka sa ta, gawa ce aka yi wa ado. Matsewar nan tana fara cin saman sauti ne, wato daidai inda zizar ganga da ƙurjin goge suke. Bayan ampili kuma ga lasifikar ƙaho, wadda aka ƙera domin kiran salla da sanarwa, ana tilasta mata kiɗa, ga ɗakin taro mai rufin kwano da bangon siminti yana mayar da kowace kalma sau uku. Bambancin lasifika da lasifika, ko ɗaki da ɗaki, ya ninka bambancin ampili da ampili sau da yawa, kuma wannan kowane yaro zai ji shi ba sai an rufe masa ido ba.

Ƙungiyar da ke da jika ɗari biyu ko uku a asusu, abin da ya fi mata shi ne lasifika biyu masu kyau, da ampilin taranzisto wanda ƙarfinsa ya ɗara bukatarta domin kada a taɓa kai shi inda zai sare sauti, da tabarmi a bango su shanye amsa-amo. Ragowar kuɗin kuma ya tafi ga asali. A Yamai akwai taskar gidan rediyon ƙasa, da ta cibiyar IRSH, da ta CELHTO wadda aka kafa a 1968 domin adana al'adun baka, ga kuma faya-fayan da kamfanin Ocora na Faransa ya buga na kiɗan Nijar da Tolia Nikiprowetzky ya ɗauka a farkon shekarun 1960. Amma akwai abin da babu shi a ko ɗaya daga cikinsu: kasakasan bukukuwan kokawa da na aure da na naɗin sarauta da ke cikin akwatunan gidaje a Keita da Buza da Madawa, waɗanda zafi ke narkar da zarensu kowace bazara. Irin wannan kaset, idan aka same shi, a goge kan na'urar da auduga da ɗan sinadarin goge ciwo, a haɗa ta da kwamfuta da waya ba ta iska ba, a ɗauka sau ɗaya ba tare da matsewa ba, a rubuta sunan makaɗi da garin da shekarar a jikin fayil ɗin, a ajiye kwafi biyu a gidaje biyu.